Disleksiya: Tambayoyin Iyayen Yaron Da Karatu Ya Ƙi Zama Masa, Da Amsoshinsu

Akwai yaron da bakinsa ke zuba kamar na babba, ba ya manta saƙo in an aike shi, in fitila ta lalace shi zai kwance ta ya ɗaura, amma da zarar an buɗe masa littafi sai ya daskare. Ya shekara uku a firamare, har yanzu "ba" da "da" suna rikita shi. Iyayen irin wannan yaro, namiji ko mace, da malamansa na boko da na Islamiyya, su muka yi wa wannan shafi.

Mece ce disleksiya?

Larura ce ta koyon karatu da rubutu, tushenta kuwa yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa sautukan magana. Kafin yaro ya karanta "kaza", sai ya ji cewa kalmar gaɓa biyu ce, "ka" da "za", ya kuma ji cewa "ka" ɗin ma sauti biyu ne a manne. Sannan ya ɗaura kowane sauti da harafinsa, ya riƙe su a ka har ya harhaɗa. Yawancin yara in an koya musu da kyau, cikin shekara ɗaya zuwa biyu wannan aiki yakan zame musu jiki. Mai disleksiya a nan yake cijewa: yana jin magana sarai, yana fahimtar ta, amma rarrabe ta sauti-sauti da ɗaura ta da baƙaƙe yana yi masa nauyi ƙwarai. Sai karatunsa ya zama da jan ƙafa da canki-canki, rubutunsa kuma ya cika da kurakurai.

Wani likitan ido a birnin Stuttgart na Jamus, Rudolf Berlin, shi ya raɗa sunan a shekarun 1880. A 1896 kuma wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da rahoton wani yaro ɗan shekara 14 da ya kasa karatu, alhali malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki kaɗai ake karantarwa, da babu wanda zai kamo shi a makarantar. Masana suna ƙiyasta cewa yara 5 zuwa 10 cikin 100 suna da ita. A ajin da ke da yara 80 ke nan, ba za a rasa 4 zuwa 8 ba.

To ba daƙiƙanci ba ne, ko lalaci?

A'a. Disleksiya ba ta bin kaifin basira: ana samun ta ga mai hazaƙa sosai, ana samun ta ga matsakaici. Abin da ake gani kamar lalaci gajiya ce da gudun kunya. Shafin da ɗan'uwansa zai karanta cikin minti 2, shi sai ya yi minti 15 yana fama, kuma ya san a ƙarshe dariya ko bulala ke jiran sa. Duk wanda aka yi wa haka kullum zai fara ɓoye littafi, ya ce cikinsa na ciwo da safe, ko ya zama shi ne mai ba aji dariya don a manta da karatunsa.

Me ke jawo ta? Wasu sun ce sammu ne, wasu sun ce shafar aljanu.

Da ita ake haihuwar yaro, kuma tana bin jini. In uwa ko uba na da ita, kusan rabin 'ya'yansu na iya tasowa da ita. Sau da yawa in aka bi dangi za a tarar da kawu ko baffa da "boko ya ƙi shi" amma ya shahara a kasuwa ko a sana'ar hannu. An ɗan fi samun ta ga maza, sai dai an fi kasa gano ta ga 'yan mata, saboda yarinya takan yi shiru a bayan aji ba ta damun kowa, ba a farga ba sai an makara.

Babu laifin uwa a ciki, ba kuma yaye da wuri ba ne. Iyaye su yi wa ɗansu addu'a, wannan haƙƙinsa ne a kansu. Abin da muke roƙo shi ne kada neman tsari ya cinye shekarun da ya kamata a yi ana koya masa, kada kuma a riƙa faɗa a gabansa cewa an yi masa asiri ko an rufe masa ƙwaƙwalwa. Yaro yana ɗaukar irin wannan magana ya gina kansa a kanta.

Waɗanne alamomi za mu lura da su?

Kafin shiga makaranta: jinkirin fara magana, juya gaɓoɓin kalma fiye da sa'o'insa, wahalar riƙe waƙoƙin yara da jerin kwanakin mako, da yawan cewa "abin nan, abin nan" saboda sunan abu ya ƙi zuwa bakinsa.

Daga aji 1 zuwa 3 abin yake fitowa fili. Harafin da ya sani jiya yau ya ɓace. Yana iya faɗar "k" da "a" amma ya kasa haɗa su su ba da "ka". Yakan dubi harafin farko ya canki sauran, ya karanta "makaranta" a inda aka rubuta "makarfi". Yakan rubuta kalma ɗaya iri uku a shafi ɗaya, ya zubar da wasula, "tafiya" ta koma "tfya". Kwafar rubutu daga allo takan ɗauke shi har a tashi. In ya girma kuwa, yana iya karantawa daidai amma a hankali ainun, ya gama sakin layi bai riƙe abin da ke ciki ba saboda ƙarfinsa duka ya tafi wajen harhaɗa baƙaƙe. Alama mafi ƙarfi ita ce tazarar da ke tsakanin abin da yake amsawa da baki da abin da yake iya sawa a takarda.

Juya "b" da "d" shi kaɗai ba hujja ba ne. Yara da yawa suna yin haka har wajen shekara 7, sannan ya wuce. Mai disleksiya ba a juye yake ganin rubutu ba, tuna wane sauti ke tafiya da wace siffa ne yake ba shi wuya.

Rabin ajinsu ma ba su iya karatu ba. Ta yaya za mu san nasa daban ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a ƙasashenmu. Inda yara suka yi cunkoso a aji, babu littafi, malami yana rera darasi yara suna amsawa, kuma da Turanci ko Faransanci da yaron bai ji ba, yara da yawa za su kasa karatu ba tare da wata larura ba. Kiran dukansu masu disleksiya kuskure ne, kamar yadda ƙin ganin na gaskiyar a cikinsu kuskure ne.

Hanyar rarrabewa ita ce a koyar da kyau, a ga abin da zai faru. A ɗauki mako 12 ana yi wa yaron darasin sauti da harafi cikin Hausa, minti 20 a rana, kwana 5 a mako, yadda za mu bayyana a ƙasa. Yaron da rashin koyarwa ce kawai matsalarsa zai yi tsalle, kafin wata uku ya fara karanta gajerun jimloli. Mai disleksiya zai ci gaba, amma taku-taku, yana buƙatar maimaici ninki-ba-ninki, abin da ya kama kuma yana zamewa in an yi hutun mako guda. Ƙa'idar likitocin Amurka ta 2013 ma ta shardanta cewa wahalar ta ɗore aƙalla wata 6 duk da taimakon da aka bayar kafin a tabbatar da larurar.

Akwai ɗan gwajin da za ku iya yi a gida. Ku rubuta kalmomi 10 marasa ma'ana da baƙaƙen da aka riga aka koya masa, irin su "nuli", "gofe", "zemu". Ba zai iya cankar su ba, ba kuma zai iya haddace su ba, sai dai ya harhaɗa. Sannan ku gwada shi da baki, babu takarda: "Ce 'tafi'. To sake faɗa ba tare da 'ta' ba." Yaro ɗan shekara 7 ko 8 da yake ta tuntuɓe a waɗannan bayan an koya masa ya cancanci a duba shi sosai.

Kafin a ce disleksiya ce, me ya kamata a fara bincika?

Ido da kunne. Yaron da ba ya hango allo, ko wanda kunnensa ya sha zubar da ruwa har jinsa ya ragu, zai yi kama da mai disleksiya. Asibitin ido da na kunne na ƙasa duk suna Kaduna, manyan asibitocin jihohi ma suna yin waɗannan gwaje-gwaje. A gaya wa likitan yara in yaron ya taɓa yin sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, ko tamowa, ko in yana da sikila, domin sikila na iya taɓa ƙwaƙwalwa a ɓoye ba tare da an ga shanyewar jiki ba. Akwai kuma wata farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙura ido na daƙiƙa kaɗan sau da yawa a yini, darasi ya riƙa wuce shi. Mazauna yankunan haƙar zinare su ambaci gubar dalma, wadda aka ga ɓarnarta ga yara a Zamfara a 2010. In yaro ya iya karatu a da sannan ya koma baya, wannan ba disleksiya ba ce, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Wani lokaci disleksiya takan zo da abokan tafiya. Kusan ɗaya cikin uku na masu ita suna da larurar rashin natsuwa da ɗaukewar hankali da ake kira ADHD, wasu kuma lissafi ko riƙon alƙalami ke ba su wuya.

Wa ke yin gwajin tabbatarwa?

Masanin halayyar ɗan Adam da ya ƙware kan koyo, ko ƙwararren malamin ilimi na musamman. Ba gwajin jini ba ne, ba kuma hoton ƙwaƙwalwa ba. Ana iya neman jagora a sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero da ke Kano ko na Jami'ar Jos, ko sashen yara na asibitocin koyarwa. Rahoto mai amfani zai nuna inda yaron yake a sanin sautuka, karanta kalmomi, saurin karatu, rubutu da fahimtar abin da aka karanta masa, ya kuma faɗi abin da za a yi a gida da makaranta. Ku tambayi mai gwajin da wane harshe zai yi. Yawancin kayan gwajin an tsara su ne don yaran Ingila da Amurka, yaron da Turancinsa bai nuna ba zai faɗi ko da ba shi da larurar komai. Kada kuma ku jira takardar gwaji kafin ku fara taimako. Darasin da ke amfanar mai disleksiya ba ya cutar da kowane yaro.

Yana hadda da kyau a Islamiyya, amma in an nuna masa aya a Mus'hafi sai ya kasa. Yaya haka?

Hadda ta kunne hanya ce daban da karanta baƙi. Yaro yana iya ɗaukar sura daga bakin malam da 'yan ajinsu, yana bin layi da yatsa kamar mai karatu, a shekara ba a gane ba. Wani kuma haddar ma takan yi masa wuya, musamman jeranta ayoyi masu kama da juna.

Kowane rubutu da inda yake kama shi. A Larabci, ba, ta, sa, nun da ya a farko ko tsakiyar kalma ɗigo ne kawai ya raba su. Yaron da ke zuwa makarantar allo da Islamiyya a lokaci guda yana da ƙarin aiki: a rubutun allo na Warshu harafi mai ɗigo ɗaya a sama ƙaf ne, fa kuwa ɗigonta a ƙasa yake, amma a bugun Hafsu mai ɗigo ɗaya a sama shi ne fa. Ya kamata a zaunar da shi a nuna masa wannan a fili. Tsarin allo na fara babbaƙu sannan farfaru yana da hikima, in dai ba a matsa masa ya wuce kafin ya zauna ba.

Hausar boko ta fi sauƙi, don kusan kowane harafi sauti ɗaya yake bayarwa. Duk da haka tana da nata tarkon: b, d, ɓ, ɗ huɗu ne masu kama da juna, lanƙwasa ɗaya ce ta raba "kara" da "ƙara", kuma ba a nuna tsawon wasali da karin sauti, sai jimla ce za ta gaya maka "gari" na zama ne ko na tuwo. Turanci da Faransanci su ne masu wuyar gaske, harafi ɗaya na iya ba da sauti uku. Ko "c" da yaro ya sani a "ciki", in ya shiga Turanci sai ta koma "k" ko "s". Saboda haka shawararmu a fara kafa karatu da harshen da yaron yake ji, a bar na biyun ya fara shiga ta kunne da baki tukuna.

Me za mu yi a gida, dalla-dalla?

Kayan aiki ba su da tsada: faranti da yashi mai laushi, murafun kwalba 5, kwalin da aka yanka katuna, alƙalami mai kauri, da littafin rubutu ɗaya don ajiye bayanin kowace rana. A zaɓi lokacin da yaron ya ci abinci ya huta, ba dab da dawowarsa daga makaranta ba. Mutum ɗaya mai haƙuri ya riƙe darasin.

Minti 3 na farko bita ce: a nuna katunan haruffan da ya riga ya koya, ya faɗi sautin kowanne. Sauti ake so, ba sunan harafi na Turanci ba. In ya san "m" da suna "em", "a" kuma da suna "ei", ba yadda zai haɗa su su ba da "ma".

Minti 4 na gaba wasan kunne ne, babu rubutu. Ku faɗi "tabarma", ya tafa sau uku, ko ya tura murfin kwalba ɗaya gaba a kan kowace gaɓa. Ku faɗi "ra", ku ɗan dakata, ku ce "go", shi ya haɗa. In wannan ya zauna sai a gangara zuwa sauti ɗaiɗai: wane sauti ne a farkon "suna", wane ne a ƙarshen "nan".

Minti 5 na sabon abu ne. Harafi 2 a mako ya isa, 3 in yana kamawa. A fara da masu yawan fitowa waɗanda ba su kama da juna, kamar a, n, k, m, i, s, t, don tun makon farko ko na biyu ya karanta kalmar gaske: nan, kaka, nama, kama. Ya zana harafin babba a yashi da yatsa yana furta sautin, ya zana a iska, sannan a takarda. Haɗa ido, kunne, baki da hannu a lokaci guda shi ne ginshiƙin hanyar da likita Samuel Orton da malama Anna Gillingham suka tsara a Amurka a shekarun 1930, wadda har yau ake gini a kanta. Kada a koyar da "b" da "d" a mako ɗaya, a bar aƙalla mako 3 tsakani. Masu lanƙwasa su zo bayan 'yan'uwansu sun zauna. Daga baya a shiga gaɓoɓi masu rufi irin "kan" da "tam", sai baƙi mai ninki irin na "hannu" da "kunne", sannan tagwayen baƙaƙe: sh, ts, ky, gw, ƙw.

Minti 5 na karatu ne, da kalmomi da jimlolin da ku kuka rubuta daga haruffan da ya sani kaɗai. In ya tsaya, ku ƙirga biyar a zuci kafin ku sa baki, sannan ku nuna harafin farko ku ce "wane sauti?" In ya kasa, ku faɗa masa ku wuce. Minti 3 na ƙarshe shifta ce, kalma 3 zuwa 5, yana furta sautukan yana rubutawa.

In ya fara karanta jimloli, a ƙara maimaita karatu: ɗan labari mai kalma 50 zuwa 80, ya karanta shi sau 3 ko 4 cikin mako, kuna ƙirga kalmomin da ya samu daidai a minti ɗaya kuna rubutawa. Ya riƙa ganin lambar tana hawa da idonsa. In yana kuskure fiye da ɗaya a kalma 10, rubutun ya fi ƙarfinsa, a sauko. Ban da wannan duka, a riƙa karanta masa labari da tatsuniya yana saurare kawai, domin kada ya rasa kalmomi da ilimin da sa'o'insa ke samu daga littafi.

Mun gwada, ba mu ga canji ba. Ina matsalar take?

Yawanci ɗaya ce daga cikin waɗannan. An tara darasin awa biyu ranar Asabar maimakon minti 20 kullum, alhali abin da wannan ƙwaƙwalwa ke so shi ne kaɗan-kaɗan a kai a kai. Ko an yi gaggawa, an wuce harafi don ya faɗe shi daidai sau ɗaya. Ma'aunin shi ne ya faɗe shi nan take kwana 3 a jere. Ko yaron ya haddace shafin, yana rerawa ana murna. Don gane wannan, a rubuta kalmomin a katuna a cakuɗa su. Ko an ɗauko malamin lesin da ke maimaita abin da aka yi a aji da irin hanyar da ta riga ta gaza. Ko kuma darasin ya zama filin faɗa. In murya ta fara tashi, a rufe littafin, gobe ma rana ce. Duka ba ya sa sauti ya manne da harafi, tsoro ma rage abin da yaro ke iya riƙewa a ka yake yi.

Akwai magani, ko tabarau na musamman?

Babu ƙwaya, allura ko abincin da ke kawar da disleksiya. Tabarau masu launi, ledoji masu launi da ake ɗorawa kan shafi, da motsa jikin ido ba su da hujja mai ƙarfi, ƙungiyoyin likitocin yara da na ido na Amurka sun bayyana haka tare a 2009. Duk wanda ya yi muku alkawarin warkarwa cikin mako kaɗan, ku riƙe kuɗinku.

Me za mu nema daga makaranta?

Ku je a farkon zango, ku ga malamin aji da shugaban makaranta tare, ku tafi da littafin bayanan darasin gida. Magana mai laushi ta fi saurin shiga: "Malam, mun san yawan yaran da ke hannunka. Abu huɗu kawai muke roƙo." A zaunar da shi gaba kusa da allo. Kada a tashe shi karatu a gaban aji ba shiri, in za a yi a ba shi layukan tun jiya. A rage masa kwafa daga allo, ko a bar shi ya kwafa daga littafin abokinsa a gida. Kada a doke shi ko a sa aji su yi masa ihu saboda kuskuren rubutu. In an samu waɗannan, sai a nemi a riƙa yi masa wasu tambayoyin jarrabawa da baki, a ba shi maki kan abin da ya sani a darussa irin kimiyya da tarihi ba tare da yanke masa saboda harafi ba, a kuma ƙara masa lokaci. A Ingila ƙarin kashi 25 cikin 100 aka saba bayarwa, wato minti 15 a kan kowace awa. Takardar da za a buga masa ta kasance da manyan baƙaƙe da tazara tsakanin layuka.

Maimaita aji shi kaɗai ba ya gyara komai in hanyar koyarwar ba ta sauya ba. Makarantar kurame ko ta makafi kuma ba wurinsa ba ne.

Shin ɗanmu nakasasshe ne? Kalmar tana yi mana nauyi.

Nauyin yana da dalili. A Hausa kalmar nakasa takan kawo hoton bara da tausayi, iyaye kuma suna tsoron kada sunan ya bi yarinya har maganar aure. Amma ga doka kalmar tana da wani aiki, ita ce ƙofar samun haƙƙi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, wadda Nijar ta amince da ita a 2008, Najeriya a 2010, tana kallon nakasa a matsayin abin da ke faruwa idan larurar mutum ta ci karo da shingen da jama'a suka gitta. Dokar Najeriya ta hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar da haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, an kuma kafa hukumar ƙasa da ke kula da wannan a 2020.

Ku duba abin da idon basira. A gona, a kasuwa, a wajen sauraron wa'azi, wannan yaro ba shi da wata tawaya. A ɗakin jarrabawar da komai rubutu ne cikin ƙayyadadden lokaci, yana da ita, kuma babba. Shi ya sa manya masu disleksiya suka rabu: wasu suna kiran ta nakasa don kada a raina wahalar da suka sha, wasu suna kiran ta bambancin koyo, suna bin ra'ayin da ya yaɗu tun ƙarshen shekarun 1990 cewa ƙwaƙwalen mutane iri-iri aka halicce su. A ganinmu duka biyun suna da wurinsu: ku yi amfani da kalmar doka a takardar neman haƙƙi, a gida ku yi amfani da kalmar da ba ta karya masa gwiwa, in ya girma shi zai zaɓi yadda zai kira kansa.

A yi hattara da ɗaya ɓangaren kuma, masu cewa disleksiya baiwa ce, kowane mai ita gwani ne. Gaskiya ne akwai irin su Maggie Aderin-Pocock, masaniyar kimiyyar sararin samaniya a Birtaniya wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, da ɗan kasuwa Richard Branson, duk sun faɗa da bakinsu cewa suna da ita. Amma ba sai yaro ya zama shahararre ne zai cancanci a mutunta shi ba, kuma ɗora masa wannan buri wani kaya ne.

Mu gaya masa, ko mu ɓoye?

Ku gaya masa. Ya riga ya san akwai abin da ya bambanta shi, in ba ku ba shi suna ba zai ɗauki wanda 'yan aji suka ba shi. Uwa tana iya cewa: "Ɗana, kanka lafiya lau yake. Akwai abin da ake kira disleksiya, yana sa haɗa baƙi ya yi wa mutum wuya ko da yana da ƙoƙari. Ba laifinka ba ne. Akwai hanyar koyo da ta dace da kai, ni da Babanka za mu bi ta tare da kai." Kada ku yi masa alkawarin cewa zai wuce nan da sallah. Ku bar masa abin da ya iya, ƙwallo ne, ɗinki ne, kiwo ne ko gyaran waya, kada a hana shi a matsayin horo saboda sakamakon jarrabawa.

Yaya za mu yi da 'yan'uwansa da dangi?

A gidan yawa kwatance shi ne dafin: "ƙaninka ma ya wuce ka", "dubi 'yar ɗakin can". Maigida ya kafa doka cewa ba a karanta sakamakon kowa a tsakar gida, ba a kuma kiran kowa daƙiƙi ko da wasa. Kakanni a yi musu bayani a keɓe cikin girmamawa, sau da yawa su ne za su tuno wanda ya yi irin haka a dangi. Yaya ko yayar da za a ba darasin sai wanda ba ya gori. Uwar ma tana buƙatar wanda zai karɓe ta wasu ranaku. Inda iyaye uku ko huɗu masu irin wannan yaro suka san juna a unguwa, suna iya haɗa kuɗin malami ɗaya su horar da shi kan wannan hanya, su kuma je makaranta da murya ɗaya.

'Yarmu ta kai shekara 14. Mun makara?

Ba ku makara ba, sai dai aikin ya kasu biyu. Darasin sauti da harafi yana aiki ga matashi har ma da babba, amma a yi shi a keɓe, da kalmomin da suka dace da shekarunta, ba littafin 'yan aji ɗaya mai hoton kyanwa ba. A lokaci guda kada a bar sauran darussa su jira karatun. Waya tana iya karanta rubutu da murya, tana kuma rubuta abin da aka faɗa mata, ta fi ƙwarewa a Turanci, Faransanci da Larabci fiye da Hausa. Wani a gida yana iya naɗar mata babin littafi a saƙon murya, ta saurara tana bin layi da ido. Disleksiya ba ta barin mutum, yawanci saurin karatu da daidaita rubutu su ne ke saura har girma, amma karatun yana samuwa.

Maganar jarrabawar fita sakandare a fara ta tun tana aji 1 na babbar sakandare. A samu rahoton ƙwararre a rubuce, a ajiye kwafi a fayil ɗinta na makaranta, a sa makarantar ta riƙa ba ta ƙarin lokaci a jarrabawar zango don ya zama akwai tarihi. Lokacin rajistar WAEC ko NECO, ta hannun shugaban makaranta ake shigar da buƙata ta musamman, kuma a lokacin rajistar ake yi, ba ranar jarrabawa ba. JAMB ma tana da kwamitin da ke kula da masu buƙata ta musamman tun 2017, a je ofishinta na jiha da rahoton kafin a cike fom.